Randa Mai Bula a Garkar Liman

Jiya ina daga ciki ina jin ku, ku masu koyon gyara, kuna cewa aikin kyamara ya mutu tunda kowa na da ita cikin aljihu, wai abin da ya rage shi ne a ɓalle gilashin waya a liƙa wani. Ban tanka ba don ina tsakar ɗaura wani ƙaramin noti. Yau ko ba wuta, ba mai kawo gyara, to ku aje wayoyin nan ku saurara. Ni Sahabi, da hannun ga da kuke gani, na yi aiki da kyamarar da ke tsai da tauraro wuri guda. Abin da ya kusa ɓata muna aikin kuwa ba wani inji ba ne, randar ruwa ce.

Ban fara da kyamara ba, da agogo na fara, wurin Malam Garba Mai-agogo a kasuwar Rabah. Teburinai bai wuce faɗin faifai biyu ba, amma komi na da mazauninai: gilashin da yake maƙalawa ga ido guda, matsefata mai bakin allura, buroshi mai laushi, da wata 'yar kwalbar mai da ba ya yarda ko kallonta in yi. Agogon farko da ya bari na buɗe na wani direban tifa ne, cike da yashi. Na ga ƙura bisa ƙafar agogon, na tara baki zan hura. Hularshi kawai ya cire ya toshe min baki da ita. Ya ce, "Numfashinka ruwa na, Sahabi. Yau ka hura, gobe tsatsa." Ya miƙo min 'yar roba mai hura iska, irin wadda kuke wasa da ita nan kuna hura wa juna ga kunne. Tun ranar ban sake numfasawa bisa kayan mutane ba.

Da anka fara aikin madatsar ruwa ta Goronyo, masu safiyo, wato masu awon ƙasa, sunka shigo kasuwa suna neman mai hannu sanyi da zai dinga wanke musu na'urorin awo, don ƙasa na shiga cikinsu. Malam Garba ya ce shi ya tsufa da hawan tifa, ya tura ni. Can na fara ganin iska na rawa. Wata rana da rana tsaka na gama wanke wata na'ura, na sa ido ina leƙen sandar awo da wani ke riƙe da ita can ƙetaren kanal, hanyar ruwan noman rani, sai na ga lambobin suna lilo kamar an rubuta su bisa ruwa. Na ce wa mai safiyon, wani dattijo mutumin kudu, na'urar nan da sauran ciwo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lafiyarta lau, ƙasa ce ta ɗau zafi, iskar da ke bisanta na tashi tana lanƙwasa haske. Shi ya sa su ba su awon kirki sai da safe ko da la'asar sakaliya. Na riƙe maganar, ban san inda za ta yi min rana ba.

Bayan an gama madatsa na buɗe shago a Goronyo. Garin ya cika da mutane, masu noman rani sun sami abin hannu, kowane suna da kowane biki sai an kira mai hoto. Su ne masu kawo min aiki, kuma ban taɓa ganin mutanen da ke azabtar da abin cin abincinsu irin masu hoto ba. Akwai wanda kyamararshi ta faɗa ruwa garin ɗaukar masunta, ya tsamo ta ya shanya bisa murhun mai tsire. Da kyamarorin da ba su cin fim sunka zo, wani ya ga ɗigo cikin hotunanshi, ya buɗe ya goge idon kyamarar da bakin babbar rigarshi mai sitati. Idon nan ko, wato ɗan allon da haske ke sauka bisanshi ya zama hoto, ya fi ƙwayar idon jariri rashin son taɓi. Ya kawo min shina cewa shi bai yi mata komi ba. Na ce to rigarka ta yi mata.

Shekarar babbar ambaliya ita ce muguwar shekarata. Ruwa ya shiga shago har ƙugu, kuma kayan da ke ciki mafi yawa ba nawa ba ne. Da ya janye na dinga buɗe gilasai ɗaya bayan ɗaya, funfuna ta yi saƙa cikinsu kamar yanar gizo, wadda ta ci gilashin ba ta fita ko da mi ka wanke. Na ceto abin da ke cetuwa. Wasu masu kayan sunka yafe, wasu har yau ba mu gaisawa. Na kwashe abin da ya rage na komo nan Wurno, surukina ya ba ni zaure, na koma gyaran tocila da rediyo. Na ji ciwon abin ƙwarai, mutumin da ke buɗe kyamara ya koma kankare batir.

A zauren nan Malama Saudatu ta ishe ni. Ɗiyar Liman ce, limamin masallacin unguwarmu, gidan da ko kajinsu mutane ke ganin girmansu. Tana koyar da kimiyya a jami'a, tana kuma karatun digirin nan na ƙarshe. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta sa anka shigo da wani akwati mai soso ciki. Ta ce, "Baba Sahabi, an ce min duk ƙasar nan ba hannun da ya kai naka sanyi. Ina da abin da nike tsoron taɓawa ni kaɗai."

Kyamara ce, amma ba ta yi kama da kyamara ba. Wani dunƙulen ƙarfe ne da bai kai tukunyar miya ba, ba wurin leƙawa, ba abin latsawa, sai wata 'yar taga ta gilashi da ido kwance can ciki. Wasu masana taurari na ƙasar waje ne sunka ara mata ita na rani guda. Sharaɗin a bayyane yake. In ta nuna da hoto cewa ta tsai da rawar tauraro daga ƙasarmu mai zafi, an karɓi aikinta. In ba ta nuna ba kafin gizagizan damina su rufe sama, kyamara ta koma inda ta fito, shekarun da ta kashe bisa karatun sun tafi ke nan, don ba ta da wata hanyar gwadawa.

Na ce, "Malama, tauraro kuma rawa yake?"

Ta ce, "Shi ba ya rawa, Baba. Iskar da ke tsakaninmu da shi ta ke rawa."

Nan take sandar awon nan ta ƙetaren kanal ta faɗo min a rai, na ba ta labari. Ta ji daɗi, ta ce ai na riga na san rabin karatun. Sauran rabin shi ne wanga. Cikin na'urar hangen taurarinta akwai wani ɗan madubi siriri da ke iya lanƙwashewa. Aikin kyamarar ta dinga kallon tauraro tana ɗaukar hoto ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido, ta ga ta inda iska ta karkata hasken, kwamfuta ta gaya wa madubin ya karkata ta ɗaya gefen. Iska ta murɗe, madubi ya warware, haka har hasken ya iso a miƙe. Wahalar ita ce saurin. Hoton da anka ɗauka da sauri haka, hasken da ke samun shiga ƙwaya nawa ne, kamar ka miƙa ludayi cikin yayyafi ka janye. To ko wace kyamara na da nata ɗige-ɗigen da take ƙirƙira da kanta, irin na talabijin da ta rasa tasha. Kyamarar wayarku na yin shi in kun ɗauki hoto cikin duhu. In ɗige-ɗigen sunka fi hasken tauraron yawa, kyamara ta yi wa madubi ƙarya, madubi ya hau rawar banza. Wagga kyamara an yi ta don ta yi shiru, ɗigonta kaɗan ne ƙwarai, amma da sharaɗin idonta ya zauna cikin sanyi. Ga mu kuma a Wurno, bazara na shigowa.

Munka kafa kayan a garkar Liman, lambun albasarshi da ke bayan gari bisa hanyar Lahodu, inda ba fitilu. Ni na zuba ginshiƙin siminti, na daidaita na'urar bisanshi, na ƙera abin da ke riƙe kyamarar daga guntayen tsohuwar na'urar awo. Wanga duk bai ba ni wuya ba. Sanyin ne ya sha muna kai. Kyamarar na sanyaya idonta da kanta, amma zafin da ta ciro sai an kwashe mata shi ta baya. Tana da fanka, sai dai fankar na girgiza na'urar, tauraro ya ƙara rawa bisa rawa. Munka kashe fanka munka koma ruwa, don tana da kafar da ake zagaya mata ruwa ta tiyo. Na sayo ƙanƙara, na zuba cikin bokiti. Ba a jima ba tiyon ya hau zufa, zufar na gangarawa tana nufin wayoyin kyamara. Na fizge batir da sauri har na yanke ga yatsa. Kayan aro, a ce raɓa ta ƙone shi a hannuna, da ban san inda zan sa kaina ba.

Ina zaune ina ɗaure yatsa na ce, "Malama, mi zai hana mu gwada randa?" Ta yi lissafi a ka, sai ta tafa hannu. Ta ce randa ita ce daidai, kuma ta faɗa min dalilin da ni ban sani ba. Randa na sanyi ne don ruwan da ke tsattsafowa jikinta shina bushewa, kuma irin wanga sanyi ba ya taɓa kai inda ƙarfe zai yi zufa. Ya fi iska sanyi, bai kai na raɓa ba. Na samo babbar randa, na girke ta bisa jiƙaƙƙen yashi inda iska ke bugunta. Na ciro bututun jan ƙarfe daga tsohon firji, na wanke shi tas, na naɗe shi kamar gammo na nutsa cikin randar. Ruwa mai tsabta na zagayawa cikin bututun zuwa kyamara ya komo, wani ɗan famfo mai cin batir na tura shi, ba ya haɗuwa da ruwan randar. Munka gwada da hantsi, an rufe bakin kyamara. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi wuluk, ba ɗigo. Malama ta ce ko masu kayan ba za su ƙi wanga ba.

Sai dai da magariba ta yi, lokacin da taurari ke fitowa, munka komo daga salla munka ishe ɗige-ɗige sun cika fuskar kwamfuta. Washegari ma haka. Da rana lafiya lau, da tauraro ya fito sai kyamara ta haukace. Na bi wayoyi ɗaya ɗaya. Na canza batir, na canza famfo, na naɗe tiyo da tsumma. Malama ta kwana biyu tana tone-tone cikin kwamfuta ko kuskuren daga wurinta yake. Ba mu ga komi ba, kwanaki na tafiya, ita ko tana ramewa ina gani.

Abin da ya hana mu gani shi ne, da an kira magariba ni ina tafiya masallacin bakin garka, ita tana zagayawa bayan rudu, rumfar aje albasa, ta yi tata. Wata rana da ba ta salla ta zauna wurin kayan. Da na komo na ishe ta zaune ta dafe kai, ban san ko kuka take ko dariya ba. Gefenta ga Labbo tsaye, tsohon da ke gadin garkar, riƙe da jarka.

Ashe lokacin cirar albasa ne, hanyar da 'yan ƙwadago ke bi su koma gida ta gefen randarmu ta ratsa. Mutum ya wuni cikin rana, ya ga randa mai sanyi bakin hanya da faifai bisa, mi kuke so ya yi? Su ɗaga faifai, su sa moɗarsu su sha, su yi wa mai randa addu'a su wuce. Labbo kuma in ya ga ruwan ya yi ƙasa, sai ya ɗauko jarkar da ta wuni cikin rana ya cika ta fal. Ruwan da ya kusa dafa ƙwai.

Na ce, "Labbo, wa ya aike ka?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Aike? Na ishe ta ta yi ƙasa. Randa bisa hanya, a bar ta haka? Mi za a ce da gidan Malam?"

Munka yi mishi bayani, ya ce ya ji, ba ya ƙarawa. Bai ƙara ba kuwa. Amma washegari wata mata ce ta fito daga kanal da bokiti, ta ga randa ta yi ƙasa, ta juye mata rabi don neman lada. Jibi wani mai jaki. Ba mutum guda ba ne da za ka kama ka roƙa, baƙi ne daga ko'ina, yau na Shinaka, gobe na Rabah, kowa da tarbiyyar da anka yi mishi a gida. Na sayo randa ta biyu na aje kusa da hanya don masu sha. Sunka ɗanɗana, sunka gane tamu ta fi sanyi, sunka dinga shan duka biyu suna cika duka biyu. Ɗauke kayan zuwa wani wuri kuma na nufin sabon ginshiƙi da sabon daidaitawa, lokacin da ba mu da shi. Gabas ta riga ta fara haɗa hadari da marece.

Raina ya ɓaci. Na tafi wurin maƙeri ya yi min murfin ƙarfe, na rufe randar na danna kwaɗo. Ranar ko Liman ya zo duba albasa. Bai taɓa matsowa kusa da kayanmu ba, daga nesa yake amsa gaisuwa. Ya tsaya bisa randar ya daɗe shina kallon kwaɗon.

Ya ce, "Sahabi, mi na wanga?"

Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ruwan na aiki ne. In an taɓa shi aikin Malama na lalacewa, ga damina ta matso."

Ya ce, "Na ji. Amma tun kakana ba a taɓa rufe ruwa da kwaɗo bisa ƙasar ga ba. Mai ƙishirwa shi zo shi ga randa, shi ga kwaɗo, shi wuce? Ba da ni ba."

Na dubi Malama ko za ta yi magana. Ta fi ni sanin abin da cire kwaɗon ke nufi gare ta. Kanta na ƙasa ta ce, "Baba Sahabi, cire shi." Na cire, ina jin kamar in jefa murfin cikin kanal. Ban ga laifin Liman ba, kuma ban ga mafita ba, wanga ya fi komi ƙona min rai.

Washegari da safe ina zaune tsakar gida ko karin kumallo na kasa, maiɗakina na wankin fararen rigunana. Ta gama ta bar ruwan bula cikin baho tsakar rana. Ina kallo ƙanena ya shigo daga gona da ƙishirwa, ya tsallake bahon ko dubanshi bai yi ba, ya nufi randa. Ruwa ne fal, ba murfi, ba kwaɗo, amma ba wanda zai kai baki gare shi, ba kuma wanda zai ce ya yi ƙasa bari in ƙara. Na miƙe na ce ta ba ni sauran ƙullin bular. Ta ce rigunan ai sun yi fari haka nan. Na ce ba riga zan rina ba.

Ban zuba ba sai da na biya ta zauren Liman, don na koyi hankali. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, in ruwan da ke cikin randar ba na sha ba ne tun asali, kamar ruwan rini, na kuma aje na sha kusa da shi, na hana wani?" Ya ja tasbaharshi. Ya ce, "In na shan ya fi shi yawa, ya fi shi sanyi, ba ka hana kowa komi ba. Amma ka tabbata ya fi shi." Ya sa anka ɗauko babbar randar gidanshi, wadda sai mutum biyu ke ɗagawa, munka girke ta ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, bisa jiƙaƙƙen yashi. Labbo ya ce shi ke da cika ta, ya kuma ɗauki cika tamu da asuba da ruwan rijiya don ta wuni tana hucewa. Na kwance ƙullin bula na juye cikin randar kyamara. Kafin la'asar shuɗin ya tsattsafo har bayanta, daga nesa kana ganin randa ta yi launin rawanin Buzu.

Ranar na roƙi Labbo munka yi sallarmu nan bakin rudu don in ga abin da zai faru. Muna sallamewa wani ƙato ya taho da kwandon albasa, ya sauke, ya ɗaga faifan randarmu. Ya leƙa, ya ja da baya. Ya ce, "Wa ke rini tsakar garka?" Labbo ya nuna mishi gindin bedi. Ya tafi ya sha ya ƙoshi, ya yi addu'a, ya ɗau kwandonshi. Duk wanda ya biyo bayanshi haka ya yi. Na sa hannu cikin ruwan bula, sanyi ƙalau.

Malama ta zauna gaban kwamfuta. Gabas hadari ne baƙi ƙirin shina walƙiya can nesa, amma bisa kanmu sama tas take. Ta nufi taurarin nan ukku da ke jere kamar an ja musu layi, ta kama na gefen gabas. Ta ce masana sun san biyu ne manne da juna, amma daga ƙasa irin tamu iska na dama su su zama guda, raba su shi ne shedar da anka ce ta kawo. Na buɗe bakin kyamara. Bayan hoton baƙi wuluk, ba ɗigo, tsakiya ga tauraron shina tsalle shina kumbura kamar kitse cikin kasko. Ta ce, "Bismillahi," ta kunna madubin.

Abin kamar an dafa mishi kafaɗa. Ya tsaya cak, ya tsuke, ya zama ɗigo mai kaifi. Gefenshi kuma, dab da shi, ga wani ƙarami ya fito shi kaɗai, da siririn duhu tsakaninsu. Na yi shekaru ina leƙa gilashi, ban taɓa ganin abin da ya tayar min da tsikar jiki irin wanga ba. Malama hannunta kawai ke aiki tana adana hotunan, sai da ta tara abin da ya ishe ta sannan ta jingina da kujera. Ta ce, "Baba, shi ke nan. Wanga shi anka ce in kawo." Na ji daɗin da ban ji ba tun kafin ruwa ya ci shagona. Daga baya an karɓi aikinta, masu kyamarar kuma sunka bar mata ita ta ci gaba da koyar da ɗalibai, har yau in idon na son shara ni ake kawo wa.

Muna cikin haka munka ji gyaran murya. Liman ne, ya biyo ya ga ko randar bedi ta wadaci mutane. Malama ɗiyar fari ce gare shi, ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye gaban mutane. Ya tsaya bayanmu shina kallon fuskar kwamfuta.

Ya ce, "Sahabi, ce ma mai aikin ta kashe abin in gani."

Ta kashe madubin. Taurarin biyu sunka narke sunka koma dunƙule guda mai tsalle.

"Ce mata ta maido."

Ta kunna. Sunka rabu, sunka tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi tauraron da idonshi, guda ɗaya shina ƙyafta, ya sake duban kwamfuta. Mutumin da ya karantar da rabin malaman garin nan, har da littattafan lissafin taurari, ya yi tasbihi a hankali. Sai ya tattara rigarshi ya zauna ƙasa bisa yashi gefen kujerarta, ya tanƙwashe ƙafa yadda ɗalibai ke zama gabanshi a zaure. Wannan karon bai bi ta kaina ba.

Ya ce, "Malama, ɗauko min shi tun daga farko."

Ita ko ta zame daga kujera, don ba ta iya zama sama da shi. Ta sauko da kwamfutar bisa cinyarta, nan ƙasa ta dinga karantar da shi har anka kira isha'i.